Waina ko masa: me ya sa Google ba ya nuna rubutuna?

Maman Yara: Assalamu alaikum jama'ar zaure, da fatan an wuni lafiya. Na daɗe ina bin abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa tsoma baki ba, yau dai tura ta kai bango.

Shekara biyu ke nan ina rubuta girke-girke da Hausa ina sawa a intanet. Ba kwafowa nake yi ba. Duk abin da na rubuta sai da na girka shi da hannuna, na auna da gwangwanin madara, na ɗauki hoto a tsakar gida inda haske yake. Wanda ya fi ba ni wahala shi ne na waina. Sau uku na kai niƙa kafin in tsayar da awo: gwangwani huɗu na shinkafar tuwo, a jiƙa uku da rabi, a dafa rabin ya yi luguf a zuba a ciki, sannan yis da albasa da ɗan sukari. Har yadda ake gane ƙullu ya tashi na rubuta, da yadda ake kashe tsaminsa da ruwan kanwa idan ya kwana.

Wata shida ke nan da sa shi. Jiya na rubuta "yadda ake waina" a Google, na bi shafi na ɗaya, na biyu, har na biyar, babu ni babu dalilina. Wasu daga cikin waɗanda ke sama kuwa layi shida ne kawai, ko awo babu. Wallahi abin ya yi mini ciwo.

Wani yaro mai gyaran waya a unguwarmu ya ce matsalata ba na sa kalmomin nema. Wai in maimaita "waina" kamar sau talatin, in kuma jera wasu kalmomin can ƙasa da farin rubutu a kan farin shafi, mutum ba zai gani ba amma Google zai gani. Zuciyata ba ta kwanta da wannan ba, ya yi mini kama da algus. Masana don Allah, mene ne gaskiyar lamarin?

Mai Data: Wa alaikumus salam Anti. Farin rubutun nan kam kada ki yi, amma batun maimaitawa yaron ya yi gaskiya. Ni kuɗi na biya na yi kwas na mako biyu a kan SEO, wato dabarun sa shafi ya fito a saman sakamakon nema. Abin da aka koya mana shi ne a cikin kowace kalma 100, kalmar nema ta fito sau 2 ko 3. Idan rubutunki kalma 1,000 ne, ke nan "waina" ta fito sau 20 zuwa 30. Sannan akwai wani ɓoyayyen layi a bayan shafi da ake jera kalmomin nema, ki cika shi taf. Idan da WordPress, manhajar gina shafi, kike aiki, ki sa Yoast, wata 'yar manhaja mai duba rubutu, zai nuna miki fitila. Ki yi ta gyara har ta koma koriya, shi ke nan kin gama.

'Yar Bauchi: Ni tambaya ɗaya gare ni, Maman Yara. Kin sa kalmar "masa" a ciki? Don mu nan ba wanda zai rubuta waina, masa muka sani. Ko da rubutunki ya hau saman Google, ni da 'yan garinmu ba ta wannan ƙofar za mu shigo ba.

Maman Yara: Wallahi Yaya ban sa ba. Ko a raina bai zo ba.

Injiniya: Sannu da ƙoƙari Hajiya. Kafin in ce komai, wane take kika ba rubutun? Ainihin abin da ke rubuce a sama nake nufi.

Maman Yara: "Daɗin Safiyar Asabar A Gidanmu." Saboda ranar Asabar muke yin ta, mahaifiyata ma haka take yi.

Injiniya: To, ga rabin matsalar nan. Taken yana da daɗi, amma duk faɗin ƙasar Hausa babu wanda zai ɗauki waya ya rubuta wannan jimlar yana neman girki. Ki duba yarinya mai talla. Ba ta cewa "a sayi daɗin safiya", sunan abin da ke kanta take kira: a sayi waina! Kalmar nema ke nan, ba wani sirri ba ne. Sunan da mai nema yake kiran abin da shi. Ita ma mai tallan, idan ta samu mai saye ya tsaya, ba ta ci gaba da yi masa ihun "waina, waina" sau talatin a kunne. Buɗe kwano take yi ta nuna masa.

Ƙanena Mai Data, ka yi haƙuri, abin da aka koya maka tsohon yayi ne. Ɓoyayyen layin nan da ka ce a cika, tun watan Satumba na 2009 Google ya fito fili ya ce ba ya amfani da shi wajen jera sakamako, saboda mutane sun lalata shi da cushe. A Fabrairun 2011 suka fito da gyaran da ake kira Panda, ya sauko da shafuka masu rubutun da ba shi da nama. A Afrilun 2012 Penguin ya biyo baya, ya bi masu wayo da sayen mahaɗai da cusa kalmomi. A 2013 aka yi Hummingbird, wanda ya karkata ga ma'anar tambaya gaba ɗaya maimakon ƙirga kalma ɗai-ɗai. A 2019 kuma suka sa BERT, don injin ya riƙa lura da ƙananan kalmomin da ke juya ma'anar jimla. Kiɗan ya daɗe da canzawa, wasu masu kwas ɗin ne suke kan tsohuwar rawa.

Lissafin kashi 2 ko 3 cikin ɗari ba daga Google ya fito ba. Fitilar Yoast ma ba ta Google ba ce, ra'ayin masu manhajar ne, kuma ba da Hausa a ransu suka gina ta ba. Tana da amfani wajen tuna maka ka sa take da taƙaitaccen bayani, iyakarta ke nan. Na ga rubutu mai jar fitila a saman sakamako, na ga mai koriya da ba ya ko cikin ɗari.

Shi kuwa farin rubutu a kan farin shafi, Hajiya, zuciyarki ta gaya miki gaskiya. Yana cikin abubuwan da Google ya lissafa da suna a dokokinsa na hana maguɗi, shi da cusa kalmomi. Idan aka kama, ana iya sauke shafin ko a cire shi gaba ɗaya. Wahalar shekara biyu ta tafi a banza ke nan.

Ga inda kalmar take da aiki na gaskiya. Ta fito a take, kusa da farko, domin Google yana yanke dogon take, abin da ya wuce harafi 60 ko kusa da haka ba kasafai yake fitowa duka ba. Misali: "Yadda ake waina (masa) ta shinkafa, da cikakken awo". Ta fito a layukan farko. Ta fito a ƙananan kanun da ke cikin rubutun idan ta dace. Hotunanki kuma, kada ki bar su da sunan lambobin da waya ta ba su, ki sa musu suna, ki cika gurbin bayanin hoto da abin da ke ciki: "waina a tanda kafin a juya". Wannan gurbin makafi masu amfani da manhajar karanta allo ma da shi suke sanin abin da ke hoton, don haka ko ba don Google ba ya kamata a cika shi. Bayan wannan ki yi rubutunki yadda kika saba. Mai bayanin waina dole ta ambaci tanda da ƙullu da yis da miyar taushe, kuma waɗannan su ke nuna wa injin cewa ta san abin da take faɗa.

Mai Data: Yallaɓai na ji, kuma ba gardama nake ba. Amma ni da idona na gwada. Na yi rubutu a kan yadda ake duba sakamakon JAMB a waya, na maimaita jimlar sosai, cikin kwana kaɗan ya fito a shafin farko. In maimaitawa ba ta aiki, me ya kai shi can?

Injiniya: Tambayarka mai kyau ce, kuma kana da rabin gaskiya, ba zan danne maka ita ba. Abin da ya kai ka can shi ne ka sa ainihin jimlar da ɗalibai ke rubutawa, a fagen da masu rubutu da Hausa ba su da yawa. Da sau uku ka faɗe ta maimakon sau talatin, da nan ɗin za ka je. Ka cire maimaicin ka gani.

Kuma a nan ne lamarinmu ya bambanta da na masu Turanci. Injin ya koyi harshe ne daga abin da aka rubuta a intanet. Turanci ya cika ko'ina, shi ya sa ya san kalma kaza da kalma kaza abu ɗaya suke nufi ko ba a gaya masa ba. Hausa kuwa sai a Disambar 2013 ta shiga Google Translate, kuma har yau abin da aka rubuta da ita kaɗan ne in aka kwatanta da yawan masu jin ta. Don haka ni ba na dogara da cewa injin zai gane waina ita ce masa, ko awara ita ce ƙwai da ƙwai, ko "yadda" da "yanda" ɗaya ne. Ni ke gaya masa, sau ɗaya, cikin jimla mai ma'ana: "waina, wadda mutanen Bauchi ke kira masa". Maganar 'Yar Bauchi ta fi duk abin da ke cikin kwas ɗin nan daraja.

Wata matsalar, kayan aikin da ake koyarwa da su makafi ne a wajenmu. Ka sa jimlar Hausa a Keyword Planner na Google Ads, mai nuna yawan masu neman kalma, sau da yawa ba zai nuna maka komai ba. Google Trends ma, wanda ba adadin masu nema yake bayarwa ba, ma'auni ne daga 0 zuwa 100, yakan ce babu isassun bayanai idan jimlar ta yi tsawo. Sai yaro ya ɗauka ba mai neman abin, ya koma rubutu da Turanci inda zai yi gogayya da duniya gaba ɗaya. Alhali masu nema suna nan.

Abin da nake yi ni: in fara rubuta "yadda ake" a akwatin Google in tsaya, in ga abin da zai ƙarasa mini. In ƙara harafi ɗaya, in sake gani. In yi haka a YouTube, don mutanenmu suna nema a can ma. In gangara ƙasan sakamako in karanta sauran tambayoyin da ya jero. Sannan in koma inda mata ke tambayar juna a Facebook da WhatsApp. Tambayar da ka ga an yi sau uku a zaure uku daban, wannan kalmar nema ce, ko wace manhaja ta ce ba ta san ta ba.

Malamin Hausa: Assalamu alaikum. Na karanta duka, na kuma ƙaru, Allah ya saka wa Injiniya da alheri. Sai dai akwai inda nake jin tsoron wannan hanyar za ta kai mu, kuma gara in faɗa tun yanzu.

Idan ƙa'idar ita ce a rubuta abin da mutane ke rubutawa, to mutane "kosai" suke rubutawa, wasu "qosai", wasu "k'osai". Suna rubuta "meyasa" a haɗe, "akeyin" a haɗe, "dan wake" ba lanƙwasa. Shekara 28 ina koyar da yara cewa ƙ da k ba harafi ɗaya ba ne. Ƙasa daban, kasa daban. Baƙi daban, baki daban. Ke da kike rubutun abinci, 'yata, ki duba abin da zai faru idan kika cire lanƙwasar da ke kan "ƙashi" a bayanin miya. Ba ƙaramar magana ba ce.

Waɗannan haruffa ba daga sama suka faɗo ba. Tun shekarun 1930 aka zauna a Zariya aka daidaita su, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939 ta kai rubutun boko lungu-lungu, a 1966 aka yi taron Bamako a kan rubutun harsunanmu, Hausa na ciki. Mutane sun ƙarar da rayuwarsu a kan wannan aiki. Yanzu kuma sai mu zubar da shi don injin wani kamfani a Amurka ya ɗaga mu sama?

Abin da ya fi damuna ma shi ne wanda Injiniya ya faɗa da bakinsa: injin daga rubutunmu yake koyo. Idan duk muka karkace don mu bi shi, karkatacciyar Hausa zai koya, ita kuma zai mayar wa jikokinmu a matsayin daidai. Yaran da nake koyarwa yanzu sun fi karanta waya a kan littafi. Abin da kuka rubuta shi ne allonsu.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa ga Malam, maganarka ta shige ni. In ƙara wani abu daga wajenmu. Mu nan Nijar harafin ƴ muke rubutawa a makaranta, ku kuna sa 'y. Ke nan ƴaƴa da 'ya'ya, kalma ɗaya, rubutu biyu, duka kuma daidai ne a inda suke. Kuma da yawa cikin waɗanda suka yi boko a nan, in za su nemi abu sai su haɗa da Faransanci, sunan abincin da Hausa, sauran tambayar da Faransanci. Kuɗi ma, ku ce naira, mu ce jika da dala. Idan Hajiya ta rubuta "shinkafar naira kaza", matar Maraɗi ko Damagaram ba ta ƙaru ba, ko ta Kano ma bayan wata uku farashin ya tashi. Awon gwangwani da ta yi shi ne daidai, shi ke ƙetare iyaka. Mu ma muna karanta ku, ku riƙa tunawa da mu.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, ban ce a zubar da lanƙwasa ba, kuma ba zan ce ba. Amma bari in faɗi yadda abin yake ta ɓangaren na'ura, sai a ga inda za a tsaya.

Harafin Faransanci kamar é, a tsarin kwamfuta e ne da aka ɗora wa alama, ana iya raba su. Ƙ ɗinmu ba haka yake ba, harafi ne mai zaman kansa da lambarsa daban, haka ɗ da ɓ. Don haka kada kowa ya ɗauka kai tsaye cewa neman "kosai" da neman "ƙosai" abu ɗaya za su kawo. Kowa ya gwada a wayarsa yanzu, ya rubuta ɗaya, ya rubuta ɗayan, ya kwatanta shafin farko. Gani ya kori ji. Ni duk kalmar da zan gina rubutu a kanta sai na yi mata wannan gwajin.

Abin da nake ba mutane shawara: take da jikin rubutu su kasance da cikakkiyar ƙa'ida, lanƙwasa da rabon kalmomi, yadda Malam ya koyar. Amma adireshin shafin, wato abin da ke bayan sunan gidan yanar gizon, a rubuta shi da haruffa marasa lanƙwasa. Wannan ma ba don Google kaɗai ba ne. Idan ka sa ƙ a adireshi, ka kwafa ka tura wa wani, sau da yawa sai ya rikiɗe ya koma %C6%99, ɗ kuma ya koma %C9%97. Mahaɗin ya yi tsawo ya yi muni, mai karɓa ya ɗauka na 'yan damfara ne ya ƙi taɓawa. To ka ga "yadda-ake-kosai" a adireshi, "Yadda ake ƙosai" a take. Sunan hoto ma haka, ba lanƙwasa. An kama duka biyun, kuma abin da yaro zai karanta da idonsa daidai yake.

Wanda ban yarda da shi ba shi ne a jera "kosai qosai k'osai akara" a ƙarshen rubutu. Wannan cushe ne, ko da baƙin rubutu aka yi shi.

Malamin Hausa: Wannan na amince da shi. Adireshi kamar lambar gida ne, ba karatu ba ne. Amma ina roƙon matasan zauren nan, Gboard, madannin rubutu na Google a waya, yana da Hausa, a shiga saituna a ƙara ta, haruffan suna nan. Uzurin "wayata ba ta da shi" ya ƙare. Idan masu rubutu suka dage, masu nema ma za su koya.

Mai Data: Na ƙara yanzu Malam. Ban san akwai ba wallahi.

Anti Nas: Ku yi haƙuri in ɗan karkata da zancen, don abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni a asibiti nake aiki. Wannan dabarar ta gano abin da mutane ke nema, ba masu girki kaɗai suka iya ta ba. Ku rubuta "maganin" a Google ku ga abin da zai biyo baya: sanyi, basir, ulsa, hawan jini, ciwon suga. Akwai masu bin waɗannan kalmomin ɗaya bayan ɗaya, su rubuta abin da suka ga dama, ƙarshensa lambar waya da farashi. Na karɓi wata baiwar Allah da ta ajiye maganin hawan jininta wata biyu saboda abin da ta karanta a waya. Da aka kawo ta, ɓari ɗaya ba ya motsi. 'Yarta ce ta nuna mini rubutun, Hausa ce tsaf, take mai jan hankali, kalmar nema a inda ya kamata.

Don haka ku masu koyon wannan sana'a, ku ji tsoron Allah a kan abin da kuke kai mutane gare shi. Wanda ya rubuta "maganin ciwon ƙoda" da tsakar dare ba wasa ya kawo shi ba. In ba fanninka ba ne, ka bar kalmar, komai yawan masu nemanta. Likitocinmu da ma'aikatan jinya masu jin Hausa kuma, mu ne muka bar filin. Da muna rubutawa da kalmomin da marasa lafiya ke faɗa a gabanmu kullum, da ba a same shi fayau haka ba.

Injiniya: Gaskiya ne Anti. Google kansa a jagorar da yake ba masu tantance ingancin sakamako ya ware irin waɗannan batutuwa, lafiya da kuɗi da tsaron rai, ya ce a tsananta musu. A Disambar 2022 ya ƙara sharaɗin cewa a duba ko marubucin ya taɓa abin da hannunsa, ƙari a kan ƙwarewa da amana. Amma idan babu ingantaccen rubutu da Hausa a kan tambaya, abin da ke akwai shi zai fito. Ki fara, Anti, ko tambaya ɗaya a wata. Ni zan taya ki tsara shafin kyauta.

Shugaban Zaure: Maganar Anti Nas babba ce, za mu buɗe mata zaure nata daban gobe in sha Allah. A nan mu ƙarasa wa Maman Yara.

Maman Yara: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam, ka kwantar da hankalinka, lanƙwasa ba za ta bar rubutuna ba. Injiniya, tambaya biyu. Idan na canza taken, in canza adireshin ma? Don shi ma "dadin-safiyar-asabar" ne. Sannan ta yaya zan san ko gyaran ya yi aiki, ko sai dai in yi ta bin shafukan Google ina neman kaina?

Injiniya: Take ki canza yau. Adireshi kuwa ki bar shi, tunda kin riga kin rarraba shi a WhatsApp, in kika canza duk wanda ya taɓa tsohon zai tarar da kango. Ana iya canzawa a sa tsohon ya riƙa tura mutane sabon, turawar dindindin da ake kira 301, amma ribar ba ta kai wahalar ba a rubutu ɗaya. Na gaba dai ki kula tun farko.

Na biyun, ki fara tabbatar da Google ya ma san da rubutun. Ki rubuta site: ki manna adireshinki ba tazara, ki nema. In ya fito, yana cikin rumbunsu. Sannan ki buɗe Search Console, kyauta ne, ki tabbatar musu shafin naki ne. Wannan shi ne kayan aiki ɗaya da ba makaho ba ne a Hausa, domin ba hasashe yake ba, ainihin abin da mutane suka rubuta har aka nuna musu shafinki yake kawo miki, da sau nawa aka nuna, da sau nawa aka shiga, da matsayin da kike. Yana riƙe bayanan har wata 16. A ciki akwai inda za ki sa adireshin ki roƙi a sake duba shi bayan gyara. Kada ki yi ta leƙawa kullum, ki ba shi makonni. Neman kanki da wayarki kuma ba ma'auni ba ne, sakamako yana bambanta daga wuri zuwa wuri.

Rubutun mahaifiyarki da safiyar Asabar kada ki goge shi. Ki dai sauko da shi ƙasa kaɗan, awo da matakai su zo da wuri, don mai nema wataƙila shinkafarta na jiƙe.

Maman Yara: Assalamu alaikum, na dawo da labari bayan mako bakwai. Na canza taken, na sa masa a layi na biyu, na sa wa hotuna tara suna, na haɗa shi da rubutuna na miyar taushe da na sinasir, kowanne yana nuna ɗan'uwansa.

A "yadda ake waina" har yanzu ban kai shafin farko ba, manyan gidaje sun tare wurin. Amma abin da na gani a Search Console ya ba ni mamaki. Yawancin waɗanda aka nuna wa rubutun ba wannan suka nema ba. Ga irin abin da suka rubuta, yadda suka rubuta shi: "meyasa waina take kamawa a tanda", "kullun waina yaki tashi", "waina ba yis", "masa tayi tsami". Na zauna ina karantawa kamar ina jin muryoyinsu. Waɗannan ba masu neman koyo daga farko ba ne, mata ne da suke tsaye a gaban murhu abu ya ɓaci, wataƙila baƙi na hanya. Kuma amsar kamawa a tanda tana cikin rubutuna, amma layi ɗaya ce can tsakiya, wa zai gan ta?

Sai na yi mata rubutu nata daban, take: "Me ya sa waina take kamawa a tanda?" Na yi bayanin sabuwar tanda da ba a horar ba, da zuba ƙullu kafin mai ya yi zafi, da sukari idan ya yi yawa, da saurin juyawa kafin gefe ya soyu. Na ɗauki hoton wadda ta kama da wadda ta fita sumul, gefe da gefe. Kwana goma da sa shi, ya riga ya wuce na wainar kansa yawan masu shiga. Wata ma ta rubuto mini daga Kumasi.

Yanzu na kamo na ƙullun da ya ƙi tashi. Saura wata biyu azumi, Injiniya ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kunun gyaɗa da ƙosai da kunun tsamiya ma a wannan watan zan rubuta su.

Yaya 'Yar Bauchi, ina neman taimakonki. Masu neman "masa ba yis" suna da yawa, ni kuma da yis na tashi na ga ana yi. Ya kuke yi?

'Yar Bauchi: Ma sha Allah, na yi miki murna ƙanwata. Kakata ba ta taɓa sayen yis ba. Ragowar ƙullun jiya take ajiyewa a ɗan kwano, ta zuba a sabon, ta rufe ta ajiye kusa da murhu ya kwana. In babu ragowa, nono mai tsami take sawa kaɗan. Lokacin sanyi yakan ɗauki lokaci fiye da na zafi, sai ta naɗe roban da tsohon bargo. Ki gwada duka biyun kafin ki rubuta, ki auna awa nawa kowanne ya ɗauka a Kano, don zafinku ba irin namu ba ne. Zan turo miki hoton tandarmu ta ƙasa anjima in an kawo wuta na yi caji.